Mutum Arba'in da Uku, Adireshi Ɗaya

Sai da na kwana uku a Kuala Lumpur kafin na yarda cewa Ɗanjuma ba zai zo ba. Shi ne dillalin da ya shirya mini tafiyar, mutum mai daɗin baki, wanda ya ce wani babban kamfanin sadarwa na neman irina, ga gida ga mota. Rana ta farko wayarsa tana shiga ba ya ɗauka. Rana ta biyu ya ɗauka, ya ce yana hanya, in yi wanka in sa kaya masu kyau. Na yi wanka, na sa babbar riga, na zauna a bakin gado har la'asar. Rana ta uku muryar na'ura ce ta amsa da yaren Malay, kuma ko ba ka jin yaren ka san abin da take faɗa.

Shekarata hamsin da uku a lokacin, kuma ni ba baƙon hanya ba ne. Na yi karatu a Khartoum, na yi shekara uku a Yamai ina jan wayar kwamfuta a ofisoshi, na dawo na riƙe ɗakin kwamfuta a wata ma'aikata a Gaya har na ajiye aiki. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ga Fulatancin da na samu wurin mahaifiyata 'yar ƙauyen Balan. Duk harsunan nan, ƙaryar da aka yi mini da Hausa ce ban gane ba.

Komawa gida ba ta cikin lissafina. Ƙanena Idi, wanda na bar wa gonata a ƙauyenmu Toranke, ya riga ya gama shaida wa majalisa cewa mutanen Asiya ne suka aiko a kira musu Yaya ya gyara intanet. Da na buga wa matata Hajiya waya, sai ta fara da tambayar gida.

"Ya gidan da suka ba ka?"

"Ana ɗan gyara shi."

"Motar fa?"

"Ita ma ana dubawa."

Sai ta ce, "Alhaji, shekara talatin ina jin muryar nan. Ka dai ci abinci?"

A masallacin unguwar da na sauka na haɗu da Haji Yusof, wani dattijo ɗan ƙasar, gajere, da farar hula da zane ɗaure a ƙugu. Ya ga na idar da sallah na ƙi tashi, sai ya matso ya gaishe ni da Larabcin Masar, na amsa masa da na Sudan. Ya ce ina magana kamar mai rarrashin raƙumi, na ce shi kuma kamar mai talla a tasha. Daga nan muka shirya. Ya ja ni wani shago ya sa aka kawo shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da gyaɗa da ƙananan kifi da yaji, ina ci ina ba shi labari. Bai zagi Ɗanjuma ba, bai kuma tambaye ni me ya kai ni ba.

"Aikin da ka ce ka iya," ya ce, "ka iya shi da gaske?"

"Na iya, Haji. Shi kaɗai ne gaskiya a cikin maganar duka."

Ya buga wa surukinsa waya, surukin ya buga wa wani, kafin mu tashi an rubuta mini suna da kwatance a bayan takardar naɗe abinci. Washegari da kansa ya sa ni a bas, ya danƙa mini ledar ayaba, ya gaya wa direba inda zai sauke ni kamar wanda ke aika yaro makarantar kwana.

Awa biyar muna tafiya arewa, gonakin kwakwar manja hagu da dama, a jere kamar sojoji, ba ka ganin ko mutum ɗaya a ciki. Ɗan ƙasar Ajingi irina bai saba ganin gona babu mai ita ba. A wurinmu ko fegi ne sai ka hango wani a duƙe, ka ɗaga murya ka ce masa sannu da aiki.

Butterworth gari ne na masana'antu a bakin teku. A saman wani shagon tayoyi na sami kamfanin, mutum shida ne duka, shugabarsu Madam Tan, 'yar ƙasar ce amma asalin China, mace mai gajeren gashi da gajeriyar magana. Ba ta dubi takarduna ba. Ta zaunar da ni gaban baƙin allon kwamfuta ta ce in nuna mata abin da ke cinye ƙwaƙwalwar na'urar. Na nuna mata.

"Wata uku," ta ce. "Zan yi maka takardar gwaji. In ka yi, in sa hannu a ba ka izinin aiki na shekara biyu. In ba ka yi ba, jirgi. Ina za ka kwana?"

Na ce ban sani ba tukuna. Ta ɗaga waya.

Inda ta sama mini gidan kwanan ma'aikatan wata masana'antar safar hannu ne. Mu arba'in da uku, banɗaki uku, gadaje masu hawa biyu. Akwai 'yan Bangladash, da 'yan Indonesiya, da 'yan Nepal, sai ni, baƙar fata guda kuma mai furfura guda. Suka raɗa mini Pak Cik, wato Baffa. Waifai ɗaya ne a gidan, an rubuta lambobin sirrinsa da gawayi a bangon kicin. Da suka ji aikina na kwamfuta ne, sai na zama likitan wayoyi. Duk wanda tasa ta yi gardama ya kawo mini, ni kuma in ba shi maganin da nake ba mutanen Gaya shekara da shekaru: kashe ta ka kunna.

Sun yi mini kirki irin nasu. Wani ya kawo mini ɗan itacen nan mai ƙaya da ɗan karen wari da suke ji da shi, duriyan, ya tsaya yana kallon fuskata. Na ce musu mu ma muna da daddawa, amma mu miya muke sa ta, ba ma zama mu ci ta da cokali. Ni ma na rama. Na sami garin shinkafa na tuƙa tuwo, na kaɗa kukar da Hajiya ta cusa mini a jaka. 'Yan Nepal suka cinye suka nemi ƙari, suka ce su ma haka suke tuƙa gero a kan duwatsunsu. Ranar na yi kewar gida fiye da kullum, don ban taɓa zaton zan ji maganar gero a bakin teku ba.

Ga wanda bai san aikin ba, saba babbar kwamfuta ce da shafin intanet ke zaune a kanta. A can cikin manhajar da ke tafiyar da ita akwai sashen da muke kira kanel. Shi ne maigadi: duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje shi ke karɓarsa, ya tsayar da shi a layi, ya ba shi wuri, ya sallame shi. Kanel na Linux yana da saiti ɗaruruwa. Akwai na tsawon layin jira, akwai na girman rumbun da ake tara saƙo, akwai na tsawon lokacin da za a jira wanda ya yi shiru. Kowanne lamba ce kawai a cikin fayil. Ka sauya ta, halin na'urar ya sauya nan take, ba ta tambayarka ko ka tabbata. Wahalar tana wurin bayani. Wani saitin an yi masa sakin layi guda, wani rabin layi, wani kuwa sunansa kawai aka maimaita da wasu kalmomin.

Babban injiniyan kamfanin Kumar ne, ɗan ƙabilar Tamil, shekararsa ba ta kai arba'in ba, mai saurin hannu da saurin dariya. Kawu yake ce mini. Ran da na fara ya nuna mini fayil mai layi talatin da ɗaya, ya ce wannan ne ke sa sabobinmu ɗaukar cunkoso.

"Wa ya rubuta?" na tambaye shi.

"Wani ɗan Rasha, ina jin. Ko kuma shi ma kwafa ya yi. Kawu, kowa shi yake sawa."

Gaskiya ya faɗa. Na nemi jerin a intanet na same shi a shafukan Turanci, na same shi a na Faransanci, na same shi a na Larabci, duk da kuskuren rubutu ɗaya a wuri ɗaya. Ba wanda ya ce ga dalili. Ya tuna mini masu tallar magani a kasuwar Gaya, kwalba ɗaya ta basir da shawara da ciwon baya.

Mahaifina in aka kawo masa sabon iri ba ya zuba shi a gona duka. Kunya ɗaya yake ware masa a gefe, ya kafa kara. Kuma shekarar da ya sake iri ba ya sake taki, don in abu ya yi kyau ya san wanda zai gode wa. Haka na yi. Na roƙi wata tsohuwar na'ura da ke ajiye a ƙarƙashin tebur, na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, na fara da layi na ɗaya. In sauya lamba ɗaya, in ɗora wa na'urar kaya, in rubuta abin da na gani, in mayar da lambar. Inda bayani ya ƙare sai in buɗe rubutun kanel ɗin kansa in bi shi a hankali, da tabarau biyu.

"Kawu," in ji Kumar, "da wannan tafiyar jikanka ne zai ƙarasa layi na talatin."

"Ina da jikoki tara. Za su raba."

Cikin wata biyu na kai layi na sha bakwai. Na tarar huɗu ba sa yin komai, biyu suna warware juna, ɗaya kuwa sunan saitin ma an daɗe da cire shi, na'urar tana karantawa tana wucewa kamar mai jin wa'azi da yaren da ba nasa ba. Kumar yana dariya, amma na lura ya fara leƙa littafin in na fita alwala.

Sai azumi ya kama. A ƙasar nan komawa ƙauye Sallah ba wasa ba ne, birane kan zama fayau. Kamar tashoshin Kano ne daren Sallah, sai dai su ba sa turereniya a bakin mota, a waya suke yin ta. Babban abokin cinikin kamfaninmu kuwa masu sayar da tikitin bas ne, shafinsu a kan sabobinmu uku yake.

Ran da aka buɗe kashin farko na tikiti, wayar ƙorafi ba ta huta ba. Mutane na cewa shafin ba ya buɗewa, yana juyawa kawai har ya gaji. Mu kuma muna kallon sabobin, ko gumi ba su yi ba. Ƙwaƙwalwa da sauranta, layin jira babu kowa, rajistar kurakurai fes. Kumar ya ninka duk lambar da ake iya ninkawa. Ya ɗauko na'urar gwaji ya aika buƙata dubu goma, duka suka shiga. Ya buɗe a kwamfutarsa, ya shiga. Wayar kuma tana ta ƙara.

Ranar Juma'a Madam ta kira ni ta rufe ƙofa.

"Haji, ba zan ɓoye maka ba. Masu bas sun ce Litinin da ƙarfe goma za su saki kashin ƙarshe. In aka maimaita abin da ya faru, sun tafi. In suka tafi, ba ni da abin da zan rubuta wa hukuma cewa ina buƙatar baƙo. Ba laifinka ba ne, na sani."

Kwana goma sha ɗaya suka rage a takardar gwajina. Na fito ina tunanin abin da zan gaya wa majalisar Idi.

A gidan kwana ma maganar tikitin ake yi. Masana'anta za ta rufe mako guda, kowa na da inda zai je: 'yan Indonesiya za su gangara tashar jirgin ruwa, sauran za su Kuala Lumpur wurin 'yan'uwansu. Ban gaya wa kowa shafin a hannunmu yake ba, ina son in ci gaba da shan ruwa lafiya. Abin da na lura da shi kawai, wani ɗan Bangladash mai suna Alam ya zama sarki. Tsohuwar waya gare shi, fuskarta a tsage, amma ita kaɗai shafin ke buɗe wa kowane lokaci. Shi ke duba wa kowa kujera. A dalilin haka shimfiɗarsa ta koma ƙarƙashin fanka, kuma in an sha ruwa shi ake fara miƙa wa dabino.

Ranar Lahadi bayan azahar muna kwance a falo, azumi ya kwantar da kowa, sai Joko, wani ɗan Indonesiya mai sabuwar waya da ƙaramin haƙuri, ya wurgar da tasa a kan katifa.

"Pak Cik, sau biyar na kashe na kunna, kamar yadda ka ce! Tawa sabuwa ce fil, amma sai ta wannan, da ko ɓarawo ba zai ɗauka ba!"

"Albarka ce," in ji Alam, idonsa a rufe. "Ba a sayar da ita a shago."

"Kai sau nawa kake kashe taka?" na tambayi Alam, don kawai in raba su.

Ya buɗe ido. "Kashewa? Pak Cik, maɓallin ya mutu. In ta mutu ba mai tashinta. Wata bakwai ke nan ban bari ta yi barci ba." Ya ɗaga mini batirin ajiya da ya ɗaure mata da roba, kamar majinyaci da ledar ƙarin ruwa.

Na tashi zaune. Akwai layi na ashirin da huɗu a jerin Kumar, wanda ban kai gare shi ba, sunansa tcp_tw_recycle. Na taɓa karanta bayaninsa, layi biyu ne: yana hanzarta sakin wuri, kuma kada a taɓa shi sai da shawarar masana. Su wane ne masanan, a wace unguwa suke, bai faɗa ba. Amma na tuna abin da na gani a rubutun kanel sa'ad da nake neman wani abu dabam. Saba in ta gama da mutum takan riƙe wurinsa kamar minti ɗaya, ko da wani saƙonsa ya makara a hanya. Wannan saitin yana hana ta jira. A madadin haka sai ta riƙa tuna lambar agogon da ta zo ƙarshe daga kowane adireshi. Duk wanda ya zo daga adireshin da lambar da ba ta kai waccan ba, sai ta ɗauka tsohon saƙo ne, ta yar da shi, ba ta ce masa komai ba. Lambar agogon waya kuwa, a wayoyin wancan lokaci, daga sa'ad da aka kunna ta take fara ƙirga.

Mu arba'in da uku, waifai ɗaya. A idon saba adireshinmu ɗaya ne, mu mutum ɗaya ne, agogonmu ɗaya.

"Kowa ya ajiye wayarsa," na ce. "Minti biyu. Wanda ya taɓa, ba ni ba wayarsa har abada."

Suka ajiye suna gunaguni. Da lokacin ya cika na ce Joko ya gwada shi kaɗai. Shafin ya buɗe nan da nan, har ya yi ihu. Na ce Alam ya gwada. Ya buɗe. Na ce Joko ya sake. Ya tsaya yana juyawa.

"Ka gani!" in ji Joko. "Wani abu yake yi mini!"

"Ba shi ba ne. Ni ne. Duk sa'ad da na ce ka kashe ka kunna, ƙarshen layi nake mayar da kai."

Na jera mutum goma sha biyu kamar sahun sallah, daga wanda ya kunna wayarsa ɗazu zuwa Alam a can ƙarshe. Muka jira minti biyu, suka shiga ɗaya bayan ɗaya, duka suka samu. Muka sake jira, na ce a faro daga Alam. Shi kaɗai ya shiga, sha ɗaya suka tsaya suna kallon abu na juyawa. Wani ɗan Nepal ya tambaye ni ko a ƙasarmu ni boka ne.

Na kira Kumar. Yana gidan surukansa yana cin abinci, amma cikin rabin awa ya iso da kwamfutarsa a hammata. Bai taɓa shiga irin gidan ba. Ya tsaya a ƙofa yana kallon igiyoyin shanya da gadaje, sannan ya dube ni.

"Nan kake kwana, Kawu?"

"Nan. Zauna ka ga abu."

Muka maimaita masa sahun. Ya shiga saba daga inda yake zaune, ya buɗe dogon jerin ƙididdigar da kanel ke ajiyewa, wanda ba mai karantawa sai ya rasa abin yi. Can ƙasa akwai layin da ke ƙirga waɗanda aka kora saboda lambar agogo. Lambar tana da tsawo. Na ce Joko ya danna, ta ƙaru da ɗaya a gabanmu.

"Layin nan yana cikin kowane jeri a duniya," in ji Kumar a hankali.

"Yana ciki. Har da kuskuren rubutun."

Ya kira Madam ya buɗe muryar wayar don in ji. Ta ce in yi mata bayani ba da yaren injiniyoyi ba.

"Madam, a garinmu gida ɗaya yakan ɗauki magidanta bakwai, kowa da iyalinsa, amma zaure ɗaya ake shiga. Wanda ya tsaya a waje yana ƙirga ƙofofi zai ce mutum ɗaya ne a ciki. Sabarmu ƙofa take ƙirgawa. Wanda ya rubuta jerin nan ina jin shi kaɗai ne a gidansu."

"Masu kiranmu ba duka ke zaune a gidan ma'aikata ba," in ji Madam.

Kumar ne ya amsa mata. "Kamfanonin waya ma haka suke yi, Madam. Dubban mutane suke fitarwa ta adireshi ɗaya. Na'urar gwajina kuwa ita kaɗai ce, agogonta ɗaya, shi ya sa ba ta taɓa faɗuwa ba." Ya ja numfashi. "Amma in muka kashe shi, wuraren da ake riƙewa minti ɗaya za su taru. Gobe da ƙarfe goma za su yi yawan da ban taɓa gani ba. Ban san ko ƙwaƙwalwar za ta ɗauka ba."

"Haji ya gwada wannan a littafinsa?"

"Ban kai nan ba, Madam. Ina na sha bakwai. A lissafi za ta ɗauka, kowane wuri ɗan kaɗan yake ci. Amma lissafi ne, ban gani da idona ba."

"In ta faɗi gobe, wa zan ce ya yi?"

"Ni," na ce. "Dama jakata ba ta da wuyar ɗaurewa."

"Mu biyu," in ji Kumar. "Ni na sa layin."

Ta ce a yi. Kumar ya goge lamba ɗaya da ke gaban saitin ya rubuta sifili, wato ya kashe shi, a saba ta farko, da ta biyu, da ta uku. Sauran layi talatin ya kai hannu zai gyara wasu, na riƙe masa hannu. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Kunya ɗaya, na ji." Ashe har labarin mahaifina da na rubuta a bangon littafin ya karanta.

Na ce kowa ya ɗauki waya, ba sahu ba tsari, a danna tare. Falon ya yi tsit, sannan ya kaure. Joko yana tsalle da azumi a bakinsa. Alam kaɗai ya zauna yana duban tasa.

"Pak Cik," ya ce, "me na yi maka?"

Kafin magariba an janye shimfiɗarsa daga ƙarƙashin fanka.

Litinin tun ƙarfe tara muna gaban allo mu uku. Goma na bugawa lambar wuraren da ake riƙe da su ta fara hawa, dubu biyar, dubu ashirin, dubu arba'in. Kumar ya riga ya rubuta umarnin mayar da saitin, yatsansa na kan maɓalli. Ni ina kallon ƙwaƙwalwa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ta ɗan motsa, ta ƙara motsawa, ta tsaya. Lambar ta kai wani wuri ta daina hawa, masu fita sun yi daidai da masu shiga. Tikiti kuwa na ta tafiya. Goma da kwata Madam ta miƙe ta je ta ɗaga wayar ƙorafi ta kara a kunne, don ta tabbatar ba lalacewa ta yi ba. Kafin sha ɗaya babu kujera ko ɗaya da ta rage. Kumar ya ɗauke yatsansa, ya ce zai je ya sha shayi a madadina. Daga baya na ji masu kula da kanel sun cire saitin nan gaba ɗaya, amma har yau ina cin karo da shi a jerin da mutane ke kwafa.

Ranar Laraba Madam ta kira ni. Takardar na kan tebur, ta riga ta cike ta, saura hannu.

"Shekara biyu," ta ce. "Sharaɗi biyu. Ka ƙarasa littafin nan har layi na talatin da ɗaya, a buga shi kowa ya karanta."

"Na yarda. Na biyun fa?"

"Kada ka tashi daga gidan nan."

"Madam, mu arba'in da uku ne. Banɗaki uku."

"Na sani. Na'urar gwaji na saya da tsada, ba ta ga abin da suka gani ba. Duk abin da za mu sauya, su za su fara dannawa."

Na duba fuskarta ko wasa take yi. Madam Tan ba ta wasa ranar aiki. Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta turo mini. Na karanta takardar sau biyu, duk da rabinta da yaren Malay take.

Ana jibi Sallah gidan ya fara watsewa. Kowa ya sami kujera, har waɗanda da farko suka haƙura. Suna fita da jakunkuna suna miƙo mini hannu, Joko ya bar mini tukunyarsa ta dafa shinkafa, Alam ya ce ya yafe mini amma bai manta ba. Ranar Sallah na dawo daga idi na tarar da takalmina kaɗai a ƙofa. Na zaga ɗakunan, na kunna fanka na zauna a ƙarƙashinta, ba wanda ya ce in matsa. Ni na gyara musu hanya, suka bi ta suka bar ni.

Waifai kuwa ranar kamar ruwan famfo. Na kira Toranke da hoto, karo na farko ba tare da fuskar Hajiya ta daskare ba. Tana tsakar gida, jikoki na ta gilmawa a bayanta da sababbin kaya, Idi na leƙowa ta kafaɗarta. Na ɗaga musu takardar, na nuna hatimin. Sannan na zaga da wayar na nuna musu falo, da kicin, da dogon baranda.

"Ikon Allah," in ji Idi. "Yaya, duk wannan naka ne? Bari in je majalisa."

Hajiya ta jira har ya fita. Ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"Alhaji, gado nawa na ƙirga a ɗakin can?"

"Baƙi nake yawan yi."

"To Allah ya dawo da su lafiya," ta ce. "Ka ajiye takardar nan inda ruwa ba zai taɓa ta ba."